Marsandi 280 SL da ta shekara 12 a ajiye: a tashe ta a hankali ko a sauke inji gaba ɗaya?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri, ya sa ka more ta lafiya. Ka ce ka sayi Marsandi 280 SL ƙirar 1980 a hannun magada, ta yi wajen shekara 12 a kulle cikin garejin wani gida a Bompai, kuma kanikawa biyu sun raba maka hankali. Ɗaya ya ce a sauke injin, a farke shi tas, a sake haɗawa kafin a murɗa makulli. Ɗayan ya ce a lallaɓa ta, a tashe ta a yadda take. Ka tambayi wanne ya fi.

Ni ina bayan na biyun, amma da sharaɗi: injin ne zai faɗi abin da yake so, ba bakanike ba, kuma akwai hanyar tambayarsa ba tare da an kwance komai ba.

Kafin nan, akwai abin da hanyoyin biyu suka haɗu a kai. Kada kowa ya sa sabon batir ya ba ta kik "don a ji muryarta". Na san zuciya na so, masu kallo ma za su zuga ka. Amma baƙin man da ke kare ƙarafan ciki ya daɗe da tsiyayewa ƙasa, bangon silinda a bushe yake, ƙila ma da tsatsa, kuma duk dattin da ya kwanta a tanki famfo zai kwaso shi ya tura gaba. Wanda ya wuni da azumi ba da tuwo yake buɗa baki ba. Idan za a ɗauke ta daga gidan, a ɗora ta kacokan a bayan janwe. Kada a ja ta da igiya, don ba ka da tabbacin birki, kuma idan giyarta otomatik ce, doguwar ja da tayoyin baya a ƙasa tana lalata giya.

To, ga yadda hanyar lallaɓawa take. A cire fulogi shidan nan, a zuba ɗan baƙin mai a kowace silinda, a bar shi kwana ɗaya ko biyu ya ratsa. Sannan a sa sifana a kan babban notin karanshaf da ke gaba, a juya injin da hannu ta ɓangaren da yake juyawa, ba baya ba. Hannu yana jin abin da kik ba ya ji. Idan ya zagaya sau biyu sumul, ka samu labari mai daɗi. Idan ya cije a wani wuri, a tsaya, kada a nemo dogon ƙarfe a danna da ƙarfi, domin ƙila bawul ne ya maƙale a buɗe, fistin zai lanƙwasa shi. Daga nan a buɗe murfin saman inji a duba kamshaf, guda biyu ne a wannan injin, a shafa musu mai, a duba sarƙar tayimin ko ta saki, a duba ƙafafun robar da take bi a kai, tunda roba ce mai bushewa ta karye. A juye tsohon baƙin mai, a sa sabon filta da mai kauri irin 20W-50. Sai a ba ta kik fulogi a cire, famfon fetur a katse, har allurar matsin baƙin mai ta motsa a gaban direba. Bayan wannan ne ake awon matsin kowace silinda da geji.

Awon nan shi ne alƙali tsakanin kanikawanka. Abin lura ba girman lambar kaɗai ba ne, a ga dai shidan sun yi kusa da juna, bambancinsu bai wuce kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Idan ɗaya ta yi ƙasa, a ɗiga mata mai a sake awo: in ta hau, ringi ne, in ba ta hau ba, bawul ne ko gaskit. Kuma injin da ya daɗe a kwance yakan nuna rauni a awon farko, ya gyaru bayan ya yi zafi sau biyu ko uku, saboda ringin da ya maƙale ya saki. Bawul ɗin wannan injin ma da hannu ake saita su, don haka a saita kafin a yanke masa hukunci.

Duk wannan aikin kwanaki ne, kuɗinsa kuɗin mai, filta, fulogi da ladan bakanike. Ko da ya nuna cewa dole a sauke inji, ba ka yi asarar komai ba, ka ma san inda ciwon yake.

Yanzu sauke inji. Ba zan ce ba shi da amfani ba. Wanda ya farke inji yana ganin komai da idonsa: metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kai, ringi, bangon silinda, hanyoyin ruwa da suka toshe. Duk sil ɗin da suka bushe za a canza su lokaci guda, ba yau ɗigo nan gobe ɗigo can ba, wanda kuwa shi ne babban abin haushin hanyar lallaɓawa, wata shida na farko za ka yi ta ganin tabon mai a ƙasan mota. Idan aikin ya yi kyau, ka huta na shekaru.

Damuwata tana kan wannan "idan" ɗin. Injin motarka shi ake kira M110, mai silinda shida a jere, lita 2.8. Marsandi ta sa shi a 280E da 280SE, waɗanda suka yi yawa a ƙasar nan, don haka a Ƙofar Ruwa ba za ka rasa dattijon da ya san shi ba, kuma kayan hannu kan samu. Sai dai sanin inji daban, samun sababbin kaya na asali daban. Metal da ringin da kamfani ya sa a 1980, in ba su ci ba, sun fi da yawa daga abin da za a miƙo maka a kwali yau. Sau da yawa ana cire mai kyau a sa wanda bai kai shi ba, a ce an yi sabo. Ga kuma wurin aikin. Inji a buɗe a filin gareji, lokacin hunturu, ƙura na sauka a kan karanshaf da aka wanke da fetur aka jingine a kan tsumma. Ƙurar nan ita za ta zauna tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Sannan notin kan silinda da awo ake ɗaure su, bisa tsari, ba da "ya ji" ba. Tambayi bakaniken da ke son saukewa ko yana da sifanar awo, ka kuma tambaye shi inda zai ajiye kayan. Amsarsa za ta gaya maka abu da yawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lokaci. Duk mai yawo a garejojin Kano ya ga irinsu: tsohuwar mota mai daraja a kan duwatsu, bonet a jingine da bango, injin a cikin but, ƙananan noti a gwangwanin madara da ruwan sama ya cika. An farke ta da niyyar wata biyu, aka tsaya jiran kaya daga waje, yaran shago suka canza, wani ya ari abu ɗaya ya sa wa wata motar. Motar da ke tashi tana sa mai ita ya ci gaba da kashe mata kuɗi da daɗin rai. Wadda aka tarwatsa kuwa, kullum ƙara fita daga ransa take yi. Ga batun daraja kuma: masu neman irin wannan mota, samfurin R107 da aka ƙera daga 1971 zuwa 1989, sun fi son wadda injinta na asali bai sha hannu ba.

Abu uku ne za su sa in koma bayan mai saukewa ba gardama. Injin ya ƙi juyawa da hannu bayan mako guda yana shan mai. Ko a ga ruwa ya haɗu da baƙin mai, ya koma kalar shayi mai madara. Ko ta tashi amma allurar mai ta ƙi hawa, ko ana jin ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasa. Ko a nan ma, wani lokaci kan silinda kaɗai za a ɗaga, ba duka injin ba.

Akwai wurin da nake ganin kanikawan biyu duk ba su ba shi haƙƙinsa ba, kuma nan ne motar za ta fi wahalar da kai: hanyar fetur. Taka ba kafireta gare ta ba, tsarin Bosch ne da ake kira K-Jetronic, mai aiki da matsin fetur ba da kwamfuta ba. Famfo yana can ƙasa ta baya kusa da tanki, yana turo mai da ƙarfin da ya kai kusan bar 5, zuwa wani kan ƙarfe mai raba shi ga nozul shida. A cikinsa akwai siririn ƙarfe mai hawa da sauka gwargwadon iskar da ke shiga. Fetur ɗin da ya shekara 12 ya zama danƙo, warinsa ma ya koma na tsohon fenti, kuma danƙon nan shi ke riƙe wannan ƙarfen. Sabon inji fil ba zai tashi da wannan a toshe ba. A sauke tanki a wanke, a leƙa cikinsa da tocila don tsatsa, a canza filta da duk tiyon roba, a gwada famfo da nozul. Tsohon tiyo mai tsagewa a ƙarƙashin irin wannan matsi gobara ce, don haka ranar tayarwa a fito da ita fili, da abin kashe wuta a kusa. Wani zai ba ka shawarar a cire tsarin duka a ɗora kafireta, tunda akwai M110 mai kafireta. Don Allah kada ka yarda. Nemi dattijon da ya yi aikin 230E da 280E, yana da gejin awon matsin fetur.

Kafin tayarwa kuma a buɗe gidan filtar iska da bakin salansa. Ɓera na son yin sheƙa a nan, ya tara takardu da ɓawon gyaɗa, ya ci wayoyi a hanya, zanzaro kuma ya gina ɗakinsa na laka a duk ramin da ya samu. A sa mai waya ya bi layukan da ido kafin a haɗa batir.

Sai ruwa. Kan injin nan alminiyam ne, gangar jikinsa ƙarfe, kuma ruwan rijiya zalla yana cin su. A wanke lagireto, a canza tiyo da fanbel, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske. Kada a cire tamostat mai daidaita zafin inji a jefar kamar yadda aka saba. A sa sabo. Gwajin gaskiya shi ne ta tsaya a cunkoson Kantin Kwari ko Bata da rana tsaka a watan Afrilu, zafi ya haura 40, allura ba ta wuce gona da iri ba.

Birki da taya ba su shiga gardamar kanikawa, kowace hanya ka bi dole ne. Man birki yana shan danshi, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu, balle 12. A canza shi, a canza tiyon birki huɗun, a duba fistin ɗin kowace ƙafa. Tayoyin ko da zanensu bai goge ba, a zubar. Duba gefensu, bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, in uku ka gani, kafin 2000 aka yi ta. Rim ɗinka inci 14 ne, girman da ya dace ba kullum ake samunsa ba, fara cigiya tun yanzu. Leƙa kuma robar da ke haɗa giya da dogon shaf, da tsatsa a bangon da ke tsakanin inji da ɗakin direba, wurin da wannan samfurin ya fi ruɓewa. Bushewar Kano ta taimake ka a nan, sai dai in motar ta taɓa zama a Legas ko Turai.

Tun kafin ta hau titi, ka daidaita lambar shasi da takardun da magada suka ba ka, ka sabunta su. Idan an yi awon matsin, turo mana lambobin shida da hoton fulogin a jere yadda aka ciro su, daga na ɗaya zuwa na shida, mu duba tare.