Tayar tubles ta raba ni da ƙaya, amma mai shago ya cuce ni ranar tsere

Duk mai hawa keken dutse a hanyoyin gonakin da ke kewaye da Kano ya san ba tudu ne damuwarmu ba, don tudun ma guda nawa ne. Ƙaya ce. Ga tsidau shimfiɗe a gefen hanya, ga ƙayar bagaruwa inda makiyaya suka sassaro wa dabbobi rassa suka bari, ga ta aduwa wadda ba ta san wata taya mai kauri ba. Tub ɗina na baya sai da faci ya hau kan faci. Shi ya sa da sanyin nan da ya wuce na yanke shawarar maida tayoyin duka biyu tubles, wato marasa tub a ciki, na kai wa mutumin da yawancinmu ke kai wa aiki. Kuɗin ba sai na faɗa ba, wanda ya taya taya mai inci 29 a bana ya san abin da ake ciki.

Aikin kam ya iya shi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya cire tub, ya goge rim tas, ya naɗe shi da tef ya rufe ramukan sifok, ya ɗaura siririn bawul ɗin nan Presta, ya zuba farin ruwan faci, sannan ya kai wa mai facin maƙwabtansa aka buga iska da inji har bakin tayar ya zauna da ƙara, tau, tau. Yana miƙo min keken ya ce, "Yallaɓai, daga yau kai da mai faci sai dai gaisuwa. Shekara guda ba abin da zai taɓa ka." Ku riƙe wannan maganar.

Da farko har addu'a na riƙa yi masa. Wata Asabar muna atisaye a kan burji wajen dam ɗin Wasai, ta ɓangaren Minjibir, na ji ƙas-ƙas a tayar gaba. Ƙayar aduwa ce ta shige har rabi. Abokin tafiyata ya ce, "Mutumina, kar ka zare, bari mu kai gari." Na zare. Farin ruwan ya yi tsartuwa ya fesa min a ƙwauri, na juya ramin ƙasa, na girgiza tayar, kafin ya gama ciro famfo daga jaka tsit kake ji. Ko iska ban ƙara ba muka dawo gida. Ga shi na rage iskar daga psi 40 (ma'aunin ƙarfin iskar taya ke nan) da nake sa wa tub zuwa wajen 25, tayar ta riƙa kama yashi maimakon nutsewa a ciki, bayana ya huta da jijjiga, kuma ba fargabar rim ya matse tub ya huda shi biyu in an faɗa rami. Da bakina na jawo wa shagon nan mutum biyu daga cikinmu, abin da ya fi ƙona min rai ke nan yanzu.

Mukan shirya ɗan tsere tsakaninmu a ƙarshen Afrilu, ba wani babban abu ba, kofi ne da hular kwano sai baƙar magana ta shekara guda ga wanda ya zo ƙarshe. Amma na ɗauke shi da gaske. Bayan sallar asuba ina kan Eastern Bypass ina yin minti huɗu da dukkan ƙarfi, minti huɗu a hankali, in maimaita har cinya ta ɗau zafi. Ranar Asabar kuma doguwar tafiya a sannu, irin wadda kana taka feda kana iya hira. Shayi da burodin dare ma na haƙura da su.

Ranar tsere muka tashi da sanyin safiya. Ƙafata lafiya lau, ina cikin ayarin gaba, yaran nan 'yan jami'a da ke mana dariyar tumbi biyu kacal ne a gabana. Mun tsallake wani busasshen rafi, mun hau gaɓa, sai hanyar ta kurɗa tsakanin gonaki inda aka yi shinge da ƙaya. Na ji fiii a baya. Ko a jikina, har murmushi na yi, na ce yanzu za ta toshe. Na ci gaba da taka feda. Fiii bai daina ba. Na sauka na juya ramin ƙasa, na girgiza kamar yadda na saba, ko ɗigo ɗaya bai fito ba, iska ce zalla take tafiya. Ramin kuma ɗan mitsitsi, wanda a watan Janairu ko sanin an yi shi ba zan yi ba.

Wanda bai taɓa ɓalle tayar tubles a tsakiyar gona da gumi a hannu ba bai san wahala ba. Bakinta ya manne da rim, sai da na taka da dunduniya na danna da manyan yatsu har fata ta saluɓe. Ina buɗewa na ga abin takaici: ruwan ya bushe ƙurmus, ya zama wata 'yar fata a jikin taya da dunƙule guda na roba yana yawo a ciki, kamar ƙanzon da aka manta a tukunya. Mutane na wuce ni ɗaya bayan ɗaya, kowa da "Sannu Yaya, lafiya?" ba mai tsayawa, kuma ban ga laifinsu ba, tsere ake. Na zare bawul, na sa tub ɗin da nake yawo da shi, na buga famfon hannu har kafaɗa ta gaji. Ban yi nisan jifa ba ya sace. Ashe duk ƙayoyin da ruwan ya toshe tun sanyi suna nan daram a cikin tayar, tsininsu a ciki, jiran tub kawai suke. Da na shafa da yatsa sai da suka fasa ni. A ƙauyen gaba akwai mai faci, dattijo mai kirki, ya liƙe tub ɗin, amma bakin famfonsa na babur ne, bai shiga siririn bawul ba, nawa kuma robarsa ta riga ta tsage. A bayan kurkura mai ɗauke da buhunan albasa na iso wurin da aka ƙare, har an gama hotuna.

Washegari na kai masa dunƙulen a leda na ajiye kan teburinsa. Ya juya shi, ko kunya babu, ya ce, "Ai Yallaɓai ƙari ake yi, kowa ya sani. Kuma abin sabo ne, duk koyo muke." Sabo a ina? Tun 1999 Mavic da Michelin da Hutchinson na Faransa suka fito da tsarin tubles na keken dutse. Na ce ya miƙo kwalbar. A jikinta an rubuta ruwan yakan yi wata 2 zuwa 7, kuma zafi da bushewar iska na rage masa kwana. To mu da muka fito daga hunturu muka faɗa bazarar da rana ke haura digiri 40, a wane lissafi zai kai shekara? Sannan taya irin tawa tana son mililita 90 zuwa 120 kowace ɗaya, shi kuwa a gabana ya raba 'yar kwalba guda wa taya biyu. Na san kayan keke wuya suke a ƙasar nan, Ese Ukpeseraye ma da ta wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta Paris a 2024 sai da Jamusawa suka ara mata keken da ta yi tseren fili da shi. Amma tsadar kaya daban, rufe mutum daban. Da ya ce min in dawo kafin zafi a duba, da kuɗina zan biya.

Tubles ɗin dai ban bari ba, don tun da aka sake zuba ruwa yadda ya kamata ƙaya ta koma ba ta da ta cewa. Yanzu da kaina nake yi: in kwance 'yar zuciyar bawul, in ɗura da sirinji, kuma duk sati in ɗaga taya in girgiza a kunne, in ban ji motsin ruwa ba na san lokaci ya yi. Ina yawo da zaren robar nan da ake cusa wa babban rami, irin na tayar mota amma siriri. Keken titi kuwa na bar shi da tub ɗinsa, siririyar taya mai iska psi 80 ko 90 sau da yawa feso ruwan take yi kafin ya kama, kuma kwalta ba ta da tsidau.

Shagon ne ban san me zan ce ba. Hannunsa na da kyau, tef ɗin da ya naɗa har yau bai yi yoyo ba, in za ka je ka je da kwalbarka ka tsaya a kansa. Sai dai ku ji, da ya kankare busasshen ruwan da shi ya jawo, sai da ya caje ni kuɗin aiki. Ɗan ƙarfen da ake ɗaura wa bawul don famfon babur ya shiga, wanda ya ce zai ba ni kyauta don in huce, duk zuwan da na yi sai yaronsa ya ce Oga ya tafi Legas sarin kaya.