Addu'ar asuba ko ta bakin aiki?

A garin Tawa, kiran sallar asuba yakan tada Kirista ma. Wasu sukan keɓe wannan lokaci, su durƙusa kafin zafi ya taso, kamar Daniyel na Littafi Mai Tsarki, mai addu'a sau 3 a rana. Akwai natsuwa, amma ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, shi ke nan addu'ar ta wuce.

Ta bakin aiki kuwa irin ta Nehemiya ce, shi ma na Littafi Mai Tsarki, wanda ya yi addu'a a zuci yana gaban sarki. Mai tuyar ƙosai ko ɗan kabu-kabu zai iya cewa "Ubangiji, taimake ni" hannu na aiki. Sai dai in ita kaɗai ce, roƙo yakan rinjayi godiya. Sabon tuba dai, gara ya fara da ta asuba.