Monotayif ko Ecin: Wanne Ya Kamata a Fara Saya?

Malam, ka tambaya wanne ya fi dacewa da mai fara tara zanen launi na takarda, irin wanda bai kwaikwayi siffar mutum ko dabba ba, tsakanin monotayif da ecin, wato hanyoyi biyu na buga zane daga faranti zuwa takarda. Bambancinsu yana farawa ne daga farantin da aka buga su da shi.

A monotayif, mai zane yana shafa tawada a kan gilashi ko ƙarfe mai santsi, ya danna takarda a kai kafin tawadar ta bushe, kuma sau ɗaya tak zanen yake fita da ƙarfinsa. Idan aka sake dannawa, inuwarsa ce kawai za a samu. Wani mai zane ɗan Italiya, Castiglione, shi ne ya fara wannan fasaha wajen shekarun 1640. A ganina, launi ya fi sakewa a nan, domin ana ganin sawun buroshi da na yatsa, da inda ja ya malala cikin shuɗi.

Ecin kuwa aikin haƙuri ne. Ana lulluɓe farantin jan ƙarfe ko na tutiya da kaki, a zana shi da allura, a tsoma a asid ya ci layukan, sannan a cusa tawada a buga a takarda mai danshi. Faranti ɗaya yana ba da kwafi da yawa, shi ya sa za ka ga an rubuta 7/30 da fensir a ƙasa, wato kwafi na bakwai cikin talatin, kuma shi ya sa ecin yakan fi monotayif sauƙin kuɗi idan mai zanen ɗaya ne. Ka shafa gefen zanen da yatsa, za ka ji shatin farantin ya lotsa a takardar, abin da bugun firinta ba ya da shi. A nan Legas muna da gwani, Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatu a Zariya, ya daɗe yana aiki a Mushin.

Shawarata ka fara da ecin, domin ya fi sauƙin tantancewa, ka kuma zagaya gidan baje kolin zane-zane na Nike Art Gallery a Lekki idonka ya saba kafin ka kai ga monotayif. Kowanne ka saya, danshin Legas yana sa takarda fumfuna da ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa, saboda haka a sa kwali marar asid tsakanin takardar da gilashin firam, kuma kada a rataye shi a bangon da ruwan sama yake duka.