Injin turara da markaɗa abincin jariri: inda ya taimake ni da inda ya gaza

Duk 'yar'uwar da ta tambaye ni ko ta sayi ɗan injin nan da ke turara abincin jariri ya kuma markaɗa shi a mazubi ɗaya, amsata ba ta canzawa: yana da amfani ƙwarai, sai dai amfanin markaɗensa na 'yan watanni ne. Na fara aiki da shi da 'yata ta cika wata 6, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara haɗa wa yaro da abinci, ana ci gaba da ba shi nono har shekara 2 ko fiye.

Aikinsa ba wuya. Ki zuba ruwa a ɗan tankinsa, ki yayyanka karas ko kabewa ko dankali ƙanana a cikin kwandon, ki rufe ki kunna. Cikin minti 15 zuwa 20 ya dahu, injin ya kashe kansa, ko da kina can kina rarrashi. Ruwan da ya tsiyayo daga kayan lambun yana taruwa a ƙasa, da shi nake sassauta markaɗen. Wannan ne abin da ya fi burge ni, domin bitamin C da wasu daga cikin bitamin B suna narkewa a ruwa, idan an tafasa abu an tsiyaye ruwan, wani kaso ya tafi ke nan. Ga shi kuma yana kama abu kaɗan. Yaron da ya fara ci, cokali 2 zuwa 3 yake sha sau biyu ko uku a rana, babbar bilenda kuwa sai dai ta watsa wannan ɗan abin a jikin bangonta.

Ya yi min rana sosai wajen nama. Daga wata 6, sinadarin ƙarfen da yaro ya zo da shi daga ciki ya fara ƙarewa, nono kaɗai ba ya cike gurbin, shi ya sa nama da kifi da ƙwai da wake suke da muhimmanci tun da wuri. Nama shi kaɗai idan an markaɗa, zare-zare yake fitowa, 'yata tana turo shi da harshe. Da na haɗa shi da kabewa ya yi laushi, ya yi kaurin da zai zauna a cokali bai zube ba, ta karɓa. Naman dai ina tsaga shi in duba cikinsa kafin in markaɗa, ba na dogara da ƙarar injin.

Matsalar ita ce yana niƙa abu ya yi sumul fiye da kima, kuma sauƙin hakan yana sa uwa ta daɗe a kai. Yaro kuwa yana bukatar ya koyi tauna ko da haƙori bai fito ba, dasashi ya ishe shi. Wajen wata 7 zuwa 8 ya kamata abinci ya fara zuwa da ɗan gudaji, sannan abin da zai riƙe da hannunsa, ta yadda in ya shekara zai iya cin abin da gida ke ci. A nan injin ya kasa. Danna ɗaya, rabi ya niƙu rabi na nan da girmansa. Danna uku, komai ya koma kamar madara. Cokali mai yatsu ya fi shi iya wannan aiki nesa ba kusa ba.

Tun daga nan turarawa kawai nake yi da shi. Ina yanka karas tsawon yatsa, in turara har sai ya murƙushe tsakanin yatsuna biyu. Tana damƙarsa a tafin hannu, kan ya leƙo ta sama, ta kai baki tana dasa masa dasashi, fuska duk ta yi ja. Wani lokaci ta yi kakari kamar za ta yi amai, ta turo guntun waje ta ci gaba. Wannan kakarin kariya ce, yana zuwa da sauti. Shaƙewa ita ce mai zuwa shiru, shi ya sa ba na barinta ta ci sai a zaune, ina gabanta.

Littafin girkin da ya zo da injin bai gamsar da ni ba. Yana haɗa abu huɗu a tashi ɗaya, alhali abincin da jiki kan ƙi, irin su ƙwai da gyaɗa da kifi, ɗaya bayan ɗaya ake gwada su, don in ƙuraje ko kumburi sun fito a san mai laifi. Ba jinkirta su ake so a yi ba. Wani bincike da aka yi a Ingila, aka wallafa a 2015, ya nuna fara ba da gyaɗa da wuri ga jariran da ake fargabar jikinsu zai ƙi ta ya rage kamuwa da ƙin gyaɗar da kusan kashi 80 cikin 100. Niƙaƙƙiya dai, a dama ta, ba ƙwayarta ba. Yaron da ke da ƙyasbi mai tsanani ko ya taɓa nuna alamar jikinsa na ƙin wani abinci, a fara ganin likita. Gishiri da sukari ba na sawa, zuma kuwa sai ya cika shekara, saboda ƙwayar cutar da kan ɓuya a cikinta wadda hanjin jariri ba ya iya yaƙa.

Wanki ne ya fi ci min rai. Abinci na maƙalewa a ƙarƙashin wuƙar da cikin robar murfin, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai gwada sabon abinci, tunda ragowar kifin jiya na iya shiga kabewar yau. Bakin tankin kuma ƙarami ne, hannu ba ya shiga, farin datti na daskarewa a ciki sai an jiƙa shi da ruwan lemun tsami. In za ki saya, ki buɗe ki duba da idonki: wuƙar tana cirewa gaba ɗaya, kuma bakin tankin zai ɗauki soso?