Tun Oktoba na biya kuɗin ɗaki a Nungwi, ranar da muka isa aka ce babu

Sai da na bari zuciyata ta huce kafin na zauna rubuta wannan, don da a makon da muka dawo daga Zanzibar na rubuta, da abin da zan faɗa ba zai karantu ba. Tauraro biyu na ba otal ɗin nan na Nungwi. Ɗaya na bakin tekun da ke gabansa ne, wanda ba su suka yi shi ba. Ɗayan kuma na yaron da ya kawo wa uwargida kujera da ruwan sanyi lokacin da manajansu yake ta juya ni kamar waina a tanda.

Tun watan Oktoba na kama ɗakin ta manhaja, kwana biyar, ƙarshen Disamba, mai kallon teku. Na biya rabin kuɗi, suka turo min takardar tabbaci, har na buga ta a takarda saboda na san halin waya. Biza ta ɗauke mu makonni, mun biya inshorar nan ta dala 44 da suka ɗora wa baƙi tun 1 ga Oktoban 2024, mun kwana a hanya ta Addis Ababa, ga yarinya 'yar shekara uku da ta ƙi barci a jirgi. Daga filin jirgin Abeid Amani Karume zuwa Nungwi, can ƙuryar arewacin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce a mota. Mun isa bayan isha'i, kowa ya jigata, abin da nake hange kawai wanka da gado.

Na miƙa takarda. Yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ta duba kwamfuta, ta dube ni, ta sake duba kwamfuta, sai ta shige ciki. Tun daga nan gabana ya faɗi. Manaja ya fito yana murmushi, ya ce "pole sana", wato sannu ƙwarai, wai an samu kuskure, ɗakunan sun cika. Na ce wane irin kuskure, ga lambar rajista, ga shaidar biya? Ya ce ayarin wasu Turawa ne kamfanin yawon buɗe ido ya kawo, sun ƙara kwana uku, kuma su suna da yarjejeniya da otal ɗin ta shekara guda. Ma'ana dai, ni mai zuwa sau ɗaya da iyalina ni ne mai sauƙin sallama. Bai faɗa haka da baki ba, amma ai ba yaro ba ne ni.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wannan "hakuna matata" da yake ta maimaitawa. Malam, akwai matata. Mace na tsaye da goyo ƙarfe tara na dare a garin da ba mu san kowa ba, kana ce min babu damuwa. Uwargida ta ja hannun rigata ta ce, "Abban Nana, ka bar shi haka, dare na yi, mu samu inda za mu kwantar da yarinyar nan." Ba don ita ba, da sun ji Hausar da ba a fassarawa.

Suka ce suna da wani masauki ɗan'uwan nasu, "nan kusa", za su kai mu kyauta. Nan kusan nan sai da muka bar titin otal-otal, muka kutsa cikin ƙauyen Nungwi ta wata hanya mai duwatsu da ramuka, muka tsaya a bayan wani shagon gyaran babur. Ɗaki ne ƙarami, rufin ganyen kwakwa da suke kira makuti, fanka ɗaya tana kuka kamar za ta faɗo mana, gidan sauro da huda uku da na toshe da abin ɗaure gashin uwargida. Na buɗe famfo, ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Da ruwan roba muka yi alwala. Disamba kuwa a can lokacin zafi ne, irin zafin nan mai danshi da ke manne wa jiki, ba irin namu na Kano da iska ke busarwa ba. Wajen ƙarfe biyu wuta ta ɗauke, babu janareta. Na zauna ina yi wa yarinya fifita da takardar tabbacin ɗakina mai kallon teku. Aƙalla ta yi wani amfani.

Da safe na ce to, tsibiri ne cike da otal, ai ba za a rasa ba. Nan na gane kurena. Daga Nungwi zuwa Kendwa na taka da ƙafa, na shiga wuri tara. Ko'ina amsa ɗaya: sai bayan sabuwar shekara. Biyu da suke da ɗaki, kuɗin dare ɗaya ya kusa abin da na ware na kwana uku, kuma ɗayan ya ce dole in haɗa da kuɗin liyafar daren sabuwar shekara, wadda rabinta giya ce. Kowa arewa yake so saboda a nan ne ruwa ba ya janyewa da nisa, kana iya wanka safe da yamma, ga faɗuwar rana a gabanka. Shi ya sa gine-ginen suka cunkushe a wannan ɗan bakin, ana ta aza sababbi har kan inda masu sassaƙa jiragen ruwa na katako suke aikinsu, amma duk da haka a ƙarshen Disamba ba sa isa. Direban da ya ɗauko mu ya ce in dawo a Afrilu lokacin ruwan masika, wato babbar daminarsu, in gani, wasu otal ɗin rufewa suke yi gaba ɗaya, ma'aikata su koma gida. Wato ɗakuna sun yi yawa wata uku, sun yi kaɗan mako biyu, ni kuma na zaɓi makonni biyun.

Wannan direban shi ya fitar da mu kunya, Allah ya saka masa. Tun a filin jirgi yake kirana "kaka", har na fara tunanin ko furfurar gemuna ce ta yi yawa, ashe a Suwahili yaya ko ɗan'uwa ke nan. Ya ce, "Kaka, ka bar arewa, mu tafi gabas." Ya buga waya uku, ya samo mana ɗaki a Jambiani, gidan wata dattijuwa mai ɗakuna shida, ba ta ma cikin manhajar da na yi amfani da ita. Tafiyar ta fi awa biyu, muka ratsa ta dajin Jozani inda birai masu jan baya suke tsallaka titi, muka wuce Paje da 'yan wasan lilo da iska a kan ruwa, sannan muka gangara kudu.

Gaskiya wurin Mama ya wanke min zuciya. Da ta ga uwargida da hijabi, kafin mu tambaya ta aiko da darduma biyu da buta, ta nuna mana alƙibla da hannu, can wajen arewa, abin da ya ɗan rikita ni ni da na saba fuskantar gabas. Masallaci na bayan gida, kiran asuba kamar a unguwarmu. Da safe shayi mai kanumfari da citta, da mandazi, wani irin fanke nasu, da gwanda. Da rana shinkafar pilau da kifin da aka kamo a ranar. Ba mu taɓa tambayar ko naman halal ne ba, babu dalili. Yarinyarmu ta shige cikin jikokinta, har ta koyo "asante", wato na gode. A manyan wuraren da na zagaya a Kendwa, ban ga inda matata za ta zauna a bakin kwamin wanka hankalinta kwance ba. An gina su ne don Bature da ya zo daga Italiya ko Jamus ya shanya jiki a rana, mu kuwa sai dai mu raɓa. A tsibirin da kusan kowa Musulmi ne, wannan abin ya ba ni mamaki, kuma ya ɗan ba ni haushi.

A daren farko a Jambiani har na ce wa uwargida ai wannan alheri ne ya zo a rigar sharri, gara da aka hana mu ɗakin can. To, bari in janye rabin maganar. Washegari na fito da gajeren wando zan shiga ruwa, na tarar teku ta gudu. Ba wasa nake ba, ruwan ya janye har sai ka ƙanƙance ido kafin ka hango shi, saura farin yashi da tabkuna, da mata sun duƙa suna ɗaure ciyawar ruwa da suke nomawa, mwani, a jikin igiyoyi da turaku. Abin kallo ne, na yi hotuna, amma ni ba kallon noma na biya kuɗin jirgi in zo yi ba. Sai ka jira awanni ruwa ya dawo, kuma lokacin dawowarsa kullum sai ya matsa gaba. Ruwan famfon gidan kuma gishiri-gishiri ne, sabulu ba ya kumfa, ka yi wanka ka fito jikinka na ɗanko. Uwargida ta ce gashinta bai yafe min ba har yau. Mama ta ce rijiyoyin yankin haka suke, kuma tun da manyan otal suka yawaita suna jan ruwa da injina, na ƙauye ya ƙara wuya. Wuta ma nan ɗin tana ɗaukewa, don duk tsibirin da wayar da aka shimfiɗo ta ƙarƙashin teku daga babban yankin Tanzaniya yake rayuwa. Ta ba ni labarin lokacin da wayar ta lalace a ƙarshen 2009, suka yi wata uku cikin duhu. Ita dai tana da sola da ke riƙe fanka da fitila, ban da na'urar sanyaya ɗaki. Ba laifinta ba ne, kuɗinta ma bai kai rabin na Nungwi ba. Amma duk lokacin da na kwanta ina gumi sai in tuna akwai wani Bature a kan gadon da na biya, iska na kaɗa masa labule, sai abin ya dawo min sabo.

Daren ƙarshe muka yi shi a Stone Town, tsohon garin Zanzibar, cikin wani tsohon gida mai ƙofar katako da ƙusoshin tagulla da aka mayar masauki. Hawa huɗu babu lif, mota ba ta shiga lungun, da kai muka ɗauki akwatuna. Ba ni da ƙorafi a kansa, mun ci tsire da rake a Forodhani, mun sayo kayan ƙamshi a kasuwar Darajani, shi ke nan. Harajin gwamnati na kowane kai a kowane dare dai ko'ina sai an karɓa a hannu, daban da abin da ka biya a manhaja, ku riƙe canjin dala.

Maganar kuɗina kuwa, manajan ya rantse min za a mayar cikin kwana bakwai. Daga baya suka rubuto wai za su cire kuɗin dare ɗaya, tunda sun "ba mu masauki". Wancan ɗakin na bayan shagon babur, mai famfo mai tari, shi suka yi wa kuɗin ɗaki mai kallon teku. Na tura musu hoton gidan sauron da abin ɗaure gashi a jiki. Manhaja ta ce in daidaita da otal, otal ya ce in bi ta manhaja. Yau kwana arba'in da ɗaya, saƙona na ƙarshe an karanta, ba a amsa ba. Lambar Mama da ta direba suna wayata, duk wanda zai je ya neme ni in ba shi. Na Nungwi kuwa, na fasa, tauraro ɗaya, na yaron nan mai kujera.