Manhajar tantance kwasa-kwasai da muradun ɗorewa: abin da na gani

Ni malama ce a jami'a, kuma ina cikin kwamitin da aka ɗora wa aikin duba tsarin karatunmu don a ga inda batun ci gaba mai ɗorewa ya shiga. Da wannan aikin ne na yi amfani da wata manhajar kwamfuta da ake zuba mata bayanan kwasa-kwasai, ita kuma ta alaƙanta kowane kwas da muradu 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015.

Saurinta ba a magana. Aikin da zai cinye wa kwamiti zangon karatu guda ta gama shi kafin a tashi daga zama, ta fito da jadawali mai launi tsangaya-tsangaya. Nan take muka ga muradi na 3, na lafiya, ya cika maƙil, na 14 kuwa, na rayuwar cikin ruwa, kusan babu kowa a kansa. Shugabannin sassan da ba sa amsa wasiƙar kwamiti sai ga su da kansu suna tambayar dalilin da ya sa layinsu ya fito fari. Ko don wannan kaɗai na yaba mata.

Sai dai kalmomi take ƙirgawa, ba koyarwa ba. Wani kwas na fiziks ya samu maki mai yawa a muradi na 7, na makamashi mai tsafta, don kawai makamashi ya yawaita a bayaninsa, alhali lissafin zafi da motsi ake yi a ciki, babu ruwansa da samar wa jama'a wuta mai tsafta. A gefe guda, wani malamin akanta da ke sa ɗalibansa su ƙiyasta asarar da gurɓatar muhalli ke jawo wa kamfani ya tashi da sifili, saboda bayanin kwas ɗinsa tsoho ne, layi uku, ba a taɓa sabunta shi ba. Da mun miƙa rahoton yadda ya fito, da an yaba wa wanda bai yi ba, an bar wanda ya yi.

Masu bincike a wannan fanni sun daɗe suna bambanta jami'ar da ta liƙa kwas guda a gefe da wadda ta cusa batun cikin kowane fanni. Tsarin STARS, wanda ƙungiyar AASHE a Amurka ta samar don auna ɗorewa a jami'o'i, shi ma yana raba kwas ɗin da ɗorewa ce jigonsa da wanda ya haɗa da ita kawai. Manhajar nan duk ɗaya take ɗaukar su. Haka kuma ƙwarewa 8 da UNESCO ta zayyana a 2017, irin su hangen abin da zai biyo baya da fahimtar yadda al'amura ke sarƙe da juna, ba ta iya gano su, domin a tambayoyin jarrabawa da ayyukan ɗalibai suke bayyana, ita kuwa ba ta karanta waɗannan. Kuma da Turanci ta fi ƙwarewa. Kwasa-kwasan sashen harsuna sai da muka fassara bayanansu tukuna.

Akwai abin da ke ba ni tsoro. Tun da mujallar harkokin jami'o'i ta Times Higher Education ta fara jera jami'o'i bisa muradun nan a 2019, shugabanni ke son alƙaluma masu kyau, kuma manhaja irin wannan tana koya wa malami hanya mafi sauƙi ta ɗaga makinsa: ya barbaɗa kalmomin da ake nema, darasi kuma yana nan yadda yake.

Zan ci gaba da amfani da ita a matakin farko. Amma duk kwas ɗin da ta yi wa alama, yanzu sai mun nemi malaminsa ya kawo takardun jarrabawarsa da ayyukan da yake bai wa ɗalibai kafin mu sa shi a rahoto.