Sandar gem ɗin nan mai wasanni dubu goma ta cinye mani saniya

Jama'a tun sati biyu da sunka wuce nake son rubuta wanga sharhi amma na bari zuciyata ta huce tukun, don da ranar na rubuta wallahi da ba a iya karanta shi gaban yara. Magana ce kan sandar gem ɗin nan da ta cika gari, wadda ake soka ma talabijin ta baya kamar filashi, mai hannu biyu marasa waya, an buga ma kwalinta wai wasanni 10,000. Kun dai san ta, kun san kuɗinta, kun kuma san layin da ake saida ta nan Birnin Kebbi, ba sai na nuna shago ba.

Ni ba don yara na saye ta ba, gara in faɗi gaskiya. Muna da wani guruf a WhatsApp, mu ashirin da 'yan kai, yawancinmu waɗanda munka tashi a gidan gem ne lokacin Sega da kaset mai ruwan ɗorawa, yanzu kowa ya girma da iyali amma abin bai fita rai ba. Abin da muke yi dirama ce ta rubutu, kowa ya ɗauki mutum guda ya shiga rigarshi, bayan isha'i a hau, wannan ya rubuta abin da mutuminshi ya yi wancan ya maida mashi, admin shi ke riƙe da zaren labari. Akwai ɗan Argungu, akwai na Jega, akwai wani Yayanmu ma'aikacin asibiti a Yauri, da wata baiwar Allah malamar makaranta daga Gusau wadda ta fi mu duka iya rubutu. Labarin da muke kai ya ƙare, sai anka ce sabon da za a fara a ɗauko duniyar wani tsohon gem a zauna cikinta. To nan fa gardama ta tashi, kowa na kiran gem ɗin da ya buga yana ɗan shekara goma, amma in ka tambaye shi to garin ya yake, su wa ke ciki, sai ya ce ya manta. Shi ne na ce bari in sayo sandar nan in bi su ɗai-ɗai in kawo rahoto kafin a jefa ƙuri'a. Ni na kai kaina, ba wanda ya aike ni.

Daren farko kam ba ƙarya na ji daɗi. Ina sokawa ta kawo, ga Super Mario na 1985, ga tankar yaƙin nan Battle City da muke tsare gaggafa, ga Contra, har yatsuna sunka tuna sirrin nan da kansu, sama sama ƙasa ƙasa hagu dama hagu dama B A, rai talatin ya fito, na yi ihu sai da uwargida ta leƙo ta ce Malam lafiya? Na ce lafiya lau, ƙuruciya ce ta kawo ziyara. Sonic da Street Fighter II duk na 1991 ne, sa'annin jihar Kebbi ke nan, kuma suna tafiya sumul. Dubu goman nan kuwa kar ma ku ƙirga, irin tsohuwar dabarar nan ce ta kaset mai 9999999 a ɗaya, gem guda an jera shi sau biyar da suna daban, wani na Amurka wani na Japan wani an canza ma Mario kalar wando. Ban damu ba don na san hali.

Wajen zaɓen ne na gane abin da ba mu lura da shi ba muna yara. Mafi yawan gem ɗin da muke kewa ba su da wurin zama. Mario gudu yake daga hagu zuwa dama har ya mutu, Mortal Kombat mutum biyu ne a fili suna zubar da jinin juna, to mu ashirin mi za mu yi a ciki, mu yi layi a doke mu? Dirama tana son kasuwa, tana son maƙwabci, tana son wanda ake bi bashi. Ɗan Jega ya dage kan Contra, wai a yi rundunar sojoji cikin daji. Malamar Gusau ta turo boyis gajere, ta ce Yaya ka yi haƙuri, ni ba zan sa data in shiga daji da bindiga ba, wanda muke ji kullum a hanyar ƙauyenmu ya ishe ni. Guruf ya yi tsit kusan minti goma, daga nan ba wanda ya sake ambaton Contra. Zelda da na sa ma rai, wadda ke da ƙauye da sarauta da komi, wadda ke cikin sandar tawa da rubutun Japan ta zo, ko gaisuwa ban gane ba. Final Fantasy VII ta 1997 kuwa, garin Midgar ya dace ƙwarai, masu kuɗi a sama talakawa a ƙarƙashin faranti ko rana ba su gani, kamfani guda na riƙe da wutar gari, kowa ya ce ai wannan mun san shi. Amma gem ne mai faifai uku, sandar ta jera shi sau uku kuma duk ukun faifan farko ne, ga sauti na kakkatsewa kamar rediyo mai raunin batir. Na haƙura.

Cikin latse-latse ne na faɗa kan wani da ban taɓa bugawa ba, Harvest Moon na Super Nintendo. A gidajen gem ɗinmu ba a sa irinshi, wa zai biya kuɗin minti goma ya je ya yi ban ruwa? An fitar da shi a Japan 1996, malamar Gusau ta ce to sa'an jihar Zamfara ne dole ta goyi bayanshi. Ba faɗa ba bindiga. An ba ka tsohuwar gona cike da duwatsu da kututture da ciyawa, ka share, ka yi kaftu, ka sayo iri, ka yi ban ruwa kullum, in ka cika aiki yaron ya gaji ya zube. Da bazararsu dankali da wani farin tushe da suke kira tanif, in zafi ya shigo tumatir da masara, kowane yanayi kwana talatin, ƙarfe biyar na yamma mai saye ya zo ya kwashe abin da ka zuba a akwati. Akwai kaji, akwai shanu, akwai gari da mai saida iri da mai kayan aiki da mai dabbobi, akwai 'yan mata biyar da za ka iya nema da aure, bayan shekara biyu da rabi mahaifinka ya zo ya ga abin da ka yi da gonar. Ina tura hotuna guruf sai ɗan Argungu ya ce kai wannan ai fadamarmu ce, a cire tanif a sa shinkafar rani, a maida tafkin ya zama Matan Fada, ruwan da ake bikin kamun kifin Argungu, ni ne mai homa da gora. Wani ya ce shi dillalin albasar Aliero ne. Cocin garin anka ce masallaci, mashaya ta koma teburin mai shayi, mai duba kuma Yayanmu na Yauri ya ce a kore ta daga garin tun ba a fara ba. A daren nan da an tambaye ni da na ce sandar nan ta biya kuɗinta har da riba.

To ga inda ta ci amanata. Admin ya ce tunda ni ke da injin, in buga sosai in zana masu taswirar gari in rubuto yadda kwanaki ke tafiya, ranar Juma'a a jefa ƙuri'a tsakanin Harvest Moon da Midgar. Kwana goma sha ɗaya ina kan abin nan. In dawo daga aiki, in ci tuwo, yara su kwanta, in zauna kan tabarma cikin zafin nan na Birnin Kebbi da kun sani ina ban ruwan dankalin ƙarya har ƙarfe ɗaya. Sai da na yi asarar shuka kafin na gane in ka cika fili tara da iri na tsakiyar ba ya samun ruwa in sun tsiro. Na tara kuɗi na sai kaji, na shuka ciyawa, ranar Laraba na sai saniya. Wallahi ranar kamar na je kasuwar kara da kaina, na sa mata suna Goje, kullum sai na goge ta na yi mata magana. A gem ɗin in za ka yi sebin, wato ka ajiye inda ka tsaya, sai yaron ya rubuta a littafinshi na gefen gado kafin ya kwanta, kuma kullum ina yi, ba dare ɗaya da na tsallake.

Daren Alhamis, ana gobe ƙuri'a, na danna rubuta littafi ke nan anka ɗauke wuta. Daidai lokacin, kamar ana leƙena. Ban tada hankali ba, na ce ai na jiya na nan. Wajen asuba wuta ta dawo na kunna, tambari ya fito, ya tsaya. Na zare na maida, ya tsaya. Na gwada kan caja, na hura memorin kamar yadda muke hura kaset da, a karo na huɗu ta buɗe, rabin jerin wasannin babu, na shiga Harvest Moon ya ce in sa suna in fara sabo. Gona fes da duwatsunta. Ba kaji ba ciyawa ba Goje. Na zauna ina kallon talabijin har anka kira salla, uwargida ta ce Malam wai wani ya rasu ne, na rasa yadda zan ce mata saniyar cikin talabijin ce.

Da hantsi na koma shagon. Na ce Alhaji kayanka sun cinye mani aikin kwana goma sha ɗaya. Ya ce wane aiki? Da na yi bayani sai ya kwashe da dariya har yana kiran maƙwabcinshi ya zo ya ji, ya ce ranka ya daɗe ai abin yara ne, kuma kayan nan ba garanti, in ta kawo hoto to lafiyarta lau. Dariyar nan ta fi asarar ci mani rai. Wani yaro mai gyaran waya can gaba shi ya taimake ni, ya sa memorin a kwamfuta ya nuna mani. Ashe sandar ba ta da inda take ajiya sai kan wanga ɗan kati, shi ke ɗauke da manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin injuna, shi ke ɗauke da wasannin, shi ke ɗauke da sebin, kuma kati ne marar suna, an rubuta 64GB a jiki amma da ya gwada kwafewa tun kafin rabi ya fara ƙin karantuwa. In wuta ta yanke yana tsakar rubutu sai fayil ya lalace, wani lokaci ya ja na kusa da shi. Ga sandar ba batir a ciki, daga jikin talabijin take shan wuta, talabijin na mutuwa ta mutu. Kaset ɗin Zelda na asali tun shekarun 1980 da ɗan batir a cikinshi don riƙe sebin, yau shekara kusan arba'in an kawo mana wadda ba ta iya jure ɗaukewar wuta ɗaya, a garin da ake ɗaukewa ba sallama.

Yaron ya ce Yaya ka sai kati mai kyau in zuba maka, ka kuma riƙa ba ta wuta daga fawa bank. Na yi hakan, kuɗin kati da na zubi sun kusa rabin kuɗin sandar, kuma gaskiya tun ranar ba ta sake yi mani ba, an ɗauke wuta ya fi a ƙirga sebin na nan. Don haka in ka ce in ba ka shawara zan iya cewa saya, amma ka jefar da katin da ta zo da shi tun a bakin shago. Ko da yake tsaya, ina rubuta wannan na tuna hannun na biyu, tun sati na farko maɓallin dama yake maƙalewa, ga cin batir kamar ana zuba mashi a rami, ga ɗan jinkirin nan tsakanin dannawa da tsalle wanda ya sa ɗana ya cinye ni a Street Fighter yana ta gaya ma abokanshi. Kuma Zelda har yau da Japananci take. A'a, ban ce ku saya ba. Wanda ke da tsohuwar waya Android ya sa manhajar kwaikwayon a ciki ya fi kwanciyar hankali, ko ba komi waya na da batir.

Ƙuri'a dai an jefa ranar Juma'ar ba taswira ba komi, sai hotunan da na riga na tura da labarin abin da ya same ni, wanda sunka yi ta dariya da sitika har dare. Harvest Moon ya ci, mutum huɗu kawai sunka zaɓi Midgar. Admin ya raba matsayi, ni anka ba manomin da saniyarshi ta ɓace, wai da shi za a buɗe labari. Ɗan Jega ya ce to a ce ɓarayi sunka kore ta cikin dare, malamar Gusau ta ce a'a Yaya, garin nan namu ba a satar shanu, igiya ta tsinke ta bi rafi. Yau kwana tara ke nan ana nemanta, mai homa ya ce ya ga sawunta bakin ruwa, mai shayi ya ce shi bai ga komi ba sai an biya shi bashin da ake bi. A cikin gem ɗin kuwa na sake farawa, ina kwana na sha bakwai, kaza biyu gare ni, kuɗin saniya bai taru ba tukun.